Ranar da Na Kwashe Kwanuka a Gidan Ernesto

A cikin fasfo ɗina akwai wata takarda da aka liƙa, wadda ta ce ni ɗan rakiya ne. Matata Rabi ce ta samu tallafin karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ni kuma na ajiye alli a sakandaren da nake koyarwa a Kano na biyo ta, tare da 'yarmu Hanifa da ko yaye ta ba a yi ba. Dokar takardar nan ba ta da wuyar fahimta: ka zauna, ka ci, ka yi barci, amma kada ka kuskura ka nemi aiki. Ƙato da gemunsa, wai ya zauna.

A unguwar Taman Melati muka fara sauka, kuma a nan aka fara cutarmu. Dillalin da ya samo mana gida ɗan ƙasarmu ne, ya turo mana hotunan falo mai labule da kujeru. Da muka iso sai ga ɗaki ɗaya a saman shagon gyaran babura, kicin kuma na haɗaka da wasu samari 'yan kwaleji. Na kira shi ina huci, ya ce, "Haba Malam, ai hoton na maƙwabta ne, ginin duk iri ɗaya ne." Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

A kicin ɗin nan na koyi girki, a gaban yaran da na girme su nesa ba kusa ba. Rabi takan fita da sassafe ta hau jirgin ƙasa zuwa jami'a, ba ta dawowa sai bayan magariba, idanunta jajur. To wa zai dafa? Tuwona na farko da cokali muka sha shi. Samarin suka raɗa mini suna Mijin Dakta, idan na shigo da tukunya sai su dare su ba ni hanya suna ƙunshe dariya. Hanifa kuwa ba ta barci sai a baya. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ce ta gan ni a matakala ina jijjiga ta tana tsala ihu, ta shiga ɗakinta ta fito da zane, ta ɗora mini yarinyar a baya ta ɗaure tamau. Na ce mata a garinmu namiji ba ya goyo. Ba ta ji abin da na ce ba, sai dukan kafaɗata take yi tana cewa, "Boleh, boleh," wato za ka iya. Kafin in kai ƙofarmu Hanifa ta yi barci, ni kuma daga ranar na zama mai goyo.

Duk Juma'a nakan kira gida. Yayana Sabo ba ya ɓata lokaci wajen gaisuwa. "Habibu, har yanzu kana can kana yi wa mace wanke-wanke?" Sai in ce masa layin ba kyau. Gaskiya na gaji a lokacin, gajiya mai tsanani. Kullum ruwan sama da la'asar, kullum kayan shanya ba sa bushewa, kuma babu wanda ke tambayata komai sai Rabi, ita ma tambayarta ɗaya: akwai abinci?

Da muka cika shekara muka koma unguwar Cheras, can sama a wani dogon gini. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wasu mutanen Venezuela. Maigidan, Ernesto, injiniyan man fetur ne, dogo mai gashin baki, idan yana waya duk hawan sai ya ji. Matarsa Gabriela ta daɗe tana koyar da lissafi a ƙasarsu, amma a nan zaman gida take yi. Suna da 'ya budurwa, Valentina, saura kaɗan ta gama sakandare. Sai mahaifiyar Ernesto, Donya Karmen, 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi da sarƙar giciye a wuya, ba ta jin kowane yare sai Sifaniyanci.

Ranar da muka fara gaisawa, Gabriela ta miƙo fuska za ta sumbaci kumatuna kamar yadda suke yi. Na yi baya da sauri na faɗa kan ma'ajin takalmansu. Ernesto ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi wa mahaifiyarsa bayani. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa ta gyaɗa kai. Aka fassara mini cewa ta ce wannan mutum ne mai tarbiyya.

Ernesto ya san zaman da nake yi, don ya sha ganina da kwandon wanki, amma bai taɓa yi mini dariya a kan haka ba. Duk Asabar sai ya buga ƙofa ya ce in sa takalmi. Mu sauka mamak, wato shagon shayi da abinci na Musulmin Indiya da ke ƙasan ginin, ya sa a kawo mana shayi mai kumfa, ya ce, "To Malamin makaranta, me ka gani game da abin da ke faruwa a duniya?" Mu yi ta musu da Turancinmu na aro. Allah ya sani, a ƙasar nan kaf shi kaɗai ne yake tuna cewa akwai wani abu a kaina ban da farashin albasa.

Gidansu kuwa, idan na shiga sai in ga kamar gidan kakana. Abincin ranar Lahadi ba a wasa da shi, kowa sai ya zauna a teburi. Ernesto yana kujerar kai, ko ruwa ba ya ɗebo wa kansa. Tsohuwar ce ke raba nama da hannunta, tsoka mafi girma tasa ce, kuma ba mai ɗaga cokali sai ya fara. Valentina ke goge masa riguna, Gabriela ba ta zama sai kowa ya samu. Na taɓa ce wa Rabi, "Kin dai ga gidan mutane." Ta ce, "Ƙofarsu a buɗe take, Baban Hanifa, ka koma can."

Wani abu da ya fi ba ni mamaki shi ne neman albarka. Ernesto, da furfurarsa da komai, ba ya fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai ya ce, "Bendisiyon, mama," wato ki sa mini albarka. Ita kuma daga ciki ta amsa da cewa Allah ya yi masa albarka. Kullum da safe ina jinsu idan na fito shanya a baranda. Duk lokacin da na ji sai in tuna Innata.

Ana nan sai kamfanin su Ernesto ya rage ma'aikata, har da shi. A ƙasar nan idan aiki ya tafi, takardar zama ta tafi. Aka ba su ɗan wa'adi su samu wani aikin ko su tattara. Ya buga nan ya buga can, shiru. Komawa gida kuwa ba abin so ba ne, don sun sayar da gidansu kafin su fito, danginsu sun watsu a ƙasashe, kuma ya ce mini a garinsu ko maganin hawan jinin tsohuwar sai an sha wuya ake samu.

Gabriela ba ta gaya wa kowa ba, ta je ta nemi aikin koyarwa a wata makarantar 'ya'yan baƙi, suka ɗauke ta. Da wannan aikin duk gidan za su iya zama. Valentina za ta gama karatunta, tsohuwar za ta ci gaba da ganin likitanta. Sharaɗi ɗaya ne: takardar za ta fito da sunan Gabriela, Ernesto ya koma ƙarƙashinta, ɗan rakiya irina.

Asabar ɗin da ta biyo baya bai tambaye ni labarin duniya ba. Ya daɗe yana juya shayinsa, sannan ya ce, "Habibu, gaya mini gaskiya. Yaya abin yake?"

Na ce, "Da ciwo. Watannin farko za ka ji kamar an tuɓe ka a kasuwa. Amma ga ni nan, ban mutu ba, kuma 'yata ta san ni fiye da yadda na san ubana."

Ya ce shi zai iya daurewa saboda Valentina. Matsalar ita ce mahaifiyarsa. Ta ce tun da aka kafa gidansu ba a taɓa samun namijin da mace ta ciyar ba, kuma ba ta kawo shi duniya don ya fara ba.

Gabriela ce ta kawo dabarar. Ta shigo wurin Rabi ta ce tsohuwar tana ganin girmana, amma ba ta san irin takardar da nake riƙe da ita ba, don ba ta cika leƙowa waje ba, a zatonta a kwamfuta nake aiki. Mu zo cin abincin Lahadi, a bar ta ta gama yaba ni, sannan a gaya mata. Idan ta ga cikakken namiji mai iko da gidansa yana zaune a ƙarƙashin sunan matarsa kuma bai ragu da komai ba, wataƙila ta sauko. Makarantar ta ba Gabriela zuwa ƙarshen wata ta ba da amsa.

Ranar Lahadi Rabi da kanta ta goge mini babbar riga, ta ɗauko hular da ban sa ba tun Sallah. Tana gyara mini wuyan riga tana cewa, "Don girman Allah, Baban Hanifa, ka zauna kamar maigida. Kada ka taɓa komai. Ko cokali ya faɗi, ka bar shi."

Na ce, "Ke za ki koya mini zaman maigida?"

Abin ya fara da kyau ƙwarai. Sun sayo kazar halal saboda mu, Gabriela ta yi wainar masararsu da suke kira arepa. Aka zaunar da ni kusa da Ernesto, tsohuwar ta zaɓo mini cinya da hannunta. Rabi kuwa ta zage, har da rusunawa wajen miƙo mini ruwa, abin da rabona da gani tun muna amarci. Donya Karmen ta tambaya, Valentina na fassarawa, wa ke yanke magana a gidanmu. Na gyara zama na ce ni ne. Rabi ta sunkuyar da kai kamar gaske. Sai Gabriela ta faɗa mata maganar takardar a hankali. Tsohuwar ta dubi rigata, ta dubi gemuna, ta dubi Rabi. Sannan ta ƙara mini nama. Na ga Ernesto ya saki ajiyar zuciya.

Muna gama ci wayar Rabi ta yi ƙara, malamin da ke duba aikinta ne, mutumin da ba a ƙin ɗaga wayarsa. Ta fita baranda. Ko minti ba a yi ba Hanifa ta jawo kofin lemo ya kife a teburi, ya gangara cikin kwanuka, ta tsorata ta fasa kuka. Gabriela ta miƙa hannu, yarinyar ta ƙi, ta nufo ni tana "Baba, Baba, goyo."

Wallahi ban yi tunani ba. Hannuna ne ya yi aikin da ya saba. Na cire babbar rigar na rataye a kujera, na fizgi tawul ɗin da ke kusa, na sunkuya na saɓa ta a baya na ɗaure. Na share lemon, na haɗa kwanukan da suka jiƙe, manya a ƙasa ƙanana a sama, cokula a cikin kofi, na wuce kicin. Da na ga soso da sabulu sai kawai na buɗe famfo. Ina wankewa ina jijjiga ta ina ɗan yi mata waƙar da take so. Gabriela ta biyo ni tana raɗa, "Habibu, bari, don Allah bari," ni kuma gogan naku ina cewa ai ba komai, saura kaɗan.

Da na juyo, Donya Karmen tana tsaye a ƙofar kicin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ɗanta, ya zo ya tsaya a bayanta, ta nuna ni da haɓa ta faɗi 'yan kalmomi, ta wuce ɗakinta ta rufe ƙofa. Ernesto ya kasa kallona. Na tambayi Valentina me ta ce. Yarinyar ta ƙi, na matsa, sai ta ce, "Ta ce ya kalle ka da kyau, wai haka shi ma zai koma baɗi."

Ga ni tsaye, kumfa har gwiwar hannu, hula a kai, yarinya a baya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin haushi irin na ranar ba.

Da muka koma gida Rabi ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak!"

Na ce, "Wa ya mayar da ni haka? Da kwanuka aka haife ni?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fashe da kuka. Da yamma kuma ni na dafa abincin.

Washegari ina baranda da kayan shanya Ernesto ya fito da jakarsa zai tafi neman aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. "Bendisiyon, mama." Shiru. Ya sake faɗa. Ina jin talabijin ɗinta yana yi a ciki, ina hango ƙafafunta a kan kujera. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ja ƙofar a hankali ya wuce ni ko gaisuwa babu. Haka aka yi kashegari, haka aka yi ranar da ta biyo. Tana dafa masa abinci, tana zaɓa masa tsoka, amma albarkar nan ta riƙe ta. Ina kallo mutumin nan ya rame, muryar da ke cika hawa ta koma kamar ta mara lafiya.

Ranar Asabar ni na buga ƙofarsa. A mamak na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce karatun 'yarsa fa? Na ce matarsa da ta zauna shekara da shekaru tana goge masa takalmi, yau rana ɗaya ta samu abin yi sai a ce a'a? Na ce wanke kwano ba ya cire wa mutum komai, in yana cirewa da yanzu babu sauran ni. Har mai shayin ya leƙo ya ce mu yi a hankali.

Ernesto ya bari na gama. Sannan ya ce, "Kai fa, idan mahaifiyarka ta daina sa maka albarka, har yaushe za ka iya jurewa?"

Na kira mai shayin na biya kuɗin, muka hau sama.

Rabi ta gwada ta nata ɓangaren. Ta ce wa Gabriela ta karɓi aikin ta zauna da 'yarta, shi ya kai mahaifiyarsa gida, idan abubuwa sun daidaita a sake haɗuwa. Gabriela ta ce ta yi wannan tunanin, har ta kira tata uwar don neman shawara. Uwar ta ce mata a wurinsu mace ce ke riƙe gida, idan gida ya rabu ba za a tambayi miji ba, ita za a tambaya. Kafin ƙarshen wata Gabriela ta sa rigarta mafi kyau, ta je makarantar da ƙafarta ta ce musu ta gode, ba za ta karɓi aikin ba. A safiyar da ta biyo na ji tsohuwar ta amsa wa ɗanta.

Ana jibi za su tashi zuwa ƙasarsu Ernesto ya gayyace mu bankwana a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang. Ni da Rabi muka hau jirgin ƙasa, Hanifa a kafaɗata, muka ratsa cunkoson masu yawon buɗe ido da masu tallar tausa, ga zafi ga hayaƙin gasa nama. Abincin bai yi wa kowa daɗi ba. Valentina ba ta ɗago kai daga farantinta ba, don za ta bar makaranta saura zango ɗaya, kuma ba wanda ya san ko can za su karɓi takardunta. Ernesto ya yi ta surutu shi kaɗai game da wani abokinsa da zai iya sama masa wani abu. Gabriela tana yanka wa tsohuwar nama ƙanana-ƙanana saboda haƙoranta. Ni dai na zauna kamar gunki, ko tsinke ban taɓa ba.

Da muka fito, Ernesto ya yi gaba neman tasi, Valentina ta bi shi. Muka rage mu huɗu a bakin titi, da Hanifa da ta yi barci a ƙirjina. Sai Donya Karmen ta kama hannun Rabi da hannayenta biyu, ta fara magana, doguwa, tana yi tana kallona. Babu mai fassara sai Gabriela.

Gabriela ta ce, "Ta ce ita ma tana budurwa an ɗauke ta makarantar koyon jinya, mijinta ya ce ko shi ko makarantar. Ta ce ta haifa masa 'ya'ya, ta yi masa bauta har ya mutu, bai taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu yana kuka ba. Ta ce ki riƙe mijinki da kyau, ki gode wa Allah, irinsa ba a samunsu. Ta ce da ta samu irinsa da rayuwarta ba haka ta kasance ba."

Gabriela ta fassara har ƙarshe. Sannan ta juya ga surukarta ta yi mata wata 'yar gajeriyar tambaya da yarensu. Tsohuwar ta amsa nan take, ba tare da ta saki hannun Rabi ba. Gabriela ta yi wata irin dariya, ta kau da kai tana kallon motoci.

Na ce, "Me kika tambaye ta?"

Ta ce, "Na ce mata to me ya hana ɗanta ya zama irinka."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce ai kai ɗan wata ne."

Tasi ya tsaya a gabanmu. Gabriela ta buɗe ƙofa, ta riƙe hannun tsohuwar ta shigar da ita, ta gyara mata siket kada ƙofa ta kama, sannan ta zagaya ta shiga ta ɗaya gefen.